Alkamar Aga, Albasar Inna

Ranar Talata da hantsi jirginmu ya sauka a Dubai. Mu uku ne daga jihar Sakkwato: ni, da wani tela ɗan Rabah, da wani direba ɗan Achida. Mutum ɗaya ya yi mana takardu, kuma ya ce da mun fito za mu tarar da mota tana jiranmu. Muka tsaya a bakin ƙofa muna duba duk wanda ya ɗaga kwali mai suna, har aka kira Azahar. Lambar mutumin ta daina shiga. Direban ne ya fara ganewa. Ya zauna a kan jakarsa ya ce, "Jama'a, ku zamna. An cuce mu, tsayuwa ba ta gyara shi."

Sunana Attahiru. An haife ni a wani ƙauye kusa da Shinaka, a ƙasar Goronyo, gidan manoman albasa. Kafin tafiyar ina karanta labarai a wani ƙaramin gidan rediyo a Sakkwato, aiki mai suna wanda albashinsa ke zuwa ran da ya ga dama. An ce mini wani kamfani na neman tafinta mai jin Hausa da Larabci da Turanci. Babu kamfanin. Bizar da aka yi mana ma ta ziyara ce, ba ta aiki ba.

Wani Bakano da muka haɗu da shi a masallacin filin jirgin ya kwatanta mana unguwar Dera, inda tsohuwar kasuwa take. A can na fara sanin ana hayar gado, ba ɗaki ba. Gadajen ƙarfe ne hawa-hawa, kowa da labulensa. Telan bai jure ba, danginsa suka haɗa masa kuɗin jirgi ya koma. Direban ya bi wasu mutane zuwa Sharja, daga nan labarinsa ya yanke mini. Ni na shiga dako, ina tura kurar kaya daga shaguna zuwa inda ake ɗaure su a aika Najeriya.

Wata rana ina ɗora kwalaye, mai kayan, wata Hajiya 'yar Sakkwato, ta ji na ce wa abokin aikina ya matsa. Ta juyo ta dube ni.

"Muryar ga na san ta. Ba kai ne mai labarun safe ba?"

"Ni ne, Hajiya."

Ta kalli rigata da ta jiƙe da gumi. Sai ta ce, "To ɗauki kayan mu tahi. Ban gan ka ba, ba ka gan ni ba." Da muka isa ta sallame ni da abin da ya fi ƙa'ida, kuma har yau ban ji maganar ta fito a gida ba.

Abin da ya fitar da ni daga dako kuskure ne, kuma ba nawa ba. Na makara sallar La'asar, sai na shimfiɗa kwali a wani lungu bayan shagunan kayan ƙamshi na tayar. Na saki hannuwana, yadda mahaifina ya koya mini, yadda tsofaffin garinmu ke yi. Da na yi sallama sai na ga wani dattijo fari, mai furfura, tsaye yana jirana da murmushi. Ya yi mini magana da wani harshe da ban sani ba. Da ya ga ban gane ba ya koma Larabci, ya ce bai taɓa zaton zai ga ɗan'uwansu daga Afirka a bayan shagonsa ba. Ya ga sakin hannu, ya ɗauka mazhabarmu ɗaya.

Na ce masa a'a, mu Malikiyya ne, haka muka taras.

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "To na riga na sa an zuba shayi. Ba a mayar da shayi buta don an sha bamban a mazhaba."

Shi ne Aga Mahmud, Ba'iraniye daga wani ƙauye a yankin Shiraz. Yana sayar da za'afaran da zabibi da busasshen lemun tsami da itacen turaren wuta. Rabin masu sayen turarensa matan Kano da Maiduguri ne, kuma ya daɗe yana ciniki da su da yatsu. Muna cikin shan shayin wasu suka shigo, na tsaya a tsakani. Kafin su fita ya ce in dawo gobe da wankakkiyar riga. Shi ya tsaya mini har takarduna suka gyaru. Bai iya faɗin sunana ba, sai ya yanke shi ya koma Tahir, yana ƙara masa "jan", wadda a harshensu kalmar ƙauna ce.

A shagon na tarar da mutum na uku, Sabri, Bamisire daga kudancin Masar, mai kula da sito. Ya girme ni nesa, ina ce masa Ammu, wato baffa. Ranar farko da ya ji Larabcina na makaranta ya miƙe tsaye ya sara mini.

"Ya salam! Aga, ka ɗauko mana mai karanta labarai. Malam, faɗa mana, yaya yanayi zai kasance gobe?"

Bai san gaskiya ya faɗa ba. Da na gaya masa aikina na da, ya yi dariya har hawaye, kuma daga ranar sunana a wurinsa Mai Labarai.

Mutanen gida kan tambaye ni a waya wace al'umma ta fi arziki a cikin baƙin Dubai. Ba ni da alƙaluma, kuma aikina na da ya koya mini kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Abin da zan faɗa na kasuwa ɗaya ne da lunguna kaɗan. A cikinsu, yawancin Iraniyawan da na sani masu shago ne. Wasu kakanninsu ne suka ƙetaro ruwa da jiragen katako, domin ƙasarsu tana can tsallaken teku kaɗan. Idan sabo ya zo, ɗan garinsu zai ba shi kaya ya fara. Ribar da suka samu a nan take kwana, ta zama shago na biyu, ta zama sito. Misirawan da na sani kuwa yawancinsu 'yan albashi ne: malaman makaranta, akawu, masu ba da magani, injiniyoyi. Sun fi yawan takardun karatu. Amma albashin ba ya kwana a hannunsu, ranar da ya shigo ranar yake kama hanyar Masar. Akwai kuma waɗanda ba su shiga wannan awo ba. Na ga Iraniyawa masu sauke kaya a bakin ruwa da ba su fi ni komai ba, na kuma ga likita Bamisire da direba ke buɗe wa mota.

Aga da Sabri su ne awon a gabana kullum. Aga yana da shago da sito da gidan da yake ciki, 'ya'yansa biyu suna Kanada sun gama karatu. Jarinsa na farko gonar mahaifinsa ce. Rijiyoyin ƙauyensu suka fara ƙafewa yana saurayi, ya sayar da gonar alkama da lambun rumman wa wani maƙwabci, ya hau jirgin ruwa. Amma duk daɗewarsa baƙo ne, izinin zamansa sabuntawa ake yi kamar nawa. Na taɓa raka shi banki aka bar shi zaune tun safe saboda fasfonsa, a ƙarshe wani yaro da bai kai ɗansa ba ya ce masa sai an ƙara bincike. Da muka fito sai ya saya mana ruwan rake.

Sabri digirin aikin gona gare shi, amma buhuna yake tsaro. Yana kwana a ɗaki ɗaya da 'yan garinsu da yawa, abincinsa burodi da waken da suke dafawa har ya narke. Duk abin da ya samu ya zama bulo. A wayarsa akwai hoton gidan da yake ginawa a garinsu, bene hawa uku a bakin gonar rake, rodi a tsaye a samansa suna jiran hawa na huɗu. Sai lokacin hutu yake kwana a ciki. Da darajar kuɗin ƙasarsu ta faɗi, abin da yake aikawa ya ƙara auki, abin da ya daɗe yana ajiyewa a bankin can kuma ya narke. Ya ce mini ranar bai san ko ya yi murna ko ya yi kuka ba, sai ya ci wakensa.

Kullum bayan Azahar sai shi da Aga sun taɓa tsokanar juna.

"Sabri, yaya tantabarun da ke kwana a benenka? Suna biyan haya?"

"Tantabaruna ne dai, a kan rufina. Kai ran da aka ƙi sabunta maka takarda, ina za ka kwana? Cikin buhun zabibi?"

"Zan tafi Kanada."

"Ka je ka daskare, jikokinka suna ce maka hello."

Sai Aga ya tura masa farantin dabino, shi kuma ya ɗauki biyu ya ce ba su da daɗi kamar na garinsu.

Sau ɗaya a shekara, da bazara, Misirawa suna da ranar da suke fita shan iska su ci wani kifi da aka jiƙa a gishiri har ya yi wari, da ɗanyar albasa mai ganye. Aga ya hana a shigo da kifin shagonsa, ya ce za'afaran zai yi ƙaura. Saboda haka a bayan sito muka zauna, Aga yana daga nesa da hankici a hanci. Kifin ban iya ba. Albasar kuwa na gatsa, sai na ji ruwa kawai, babu yaji. Na ce wannan ba albasa ba ce. Sabri ya ce to in kawo tawa.

Ranar na ba su labarin albasarmu. Ja ce, ƙarama, mai yajin da ke sa mai yanka ya juya baya, kuma tana jure ajiya. Idan aka jera ta a rudu, rumfar kara da muke ɗagawa sama da ƙasa don iska ta ratsa, takan kai lokacin da ta wasu ta ruɓe. Irinta daga kakanmu yake. Kowace shekara ana zaɓen 'ya'yan da suka fi kyau a mayar da su ƙasa su yi fure, a karkaɗe baƙin irin a zuba a gora. Tun rasuwar mahaifinmu, Inna ce ke riƙe da gorar. Yayana Umaru ke noman, a fadamarmu da ke shan ruwan madatsar Goronyo. Sabri, da yake fanninsa ne, ya ce, "To kada ku yi wasa. Irin albasa ba gero ba ne. In ya wuce shekara bai ga ƙasa ba, ya fara mutuwa." Na ce mun sani. Aga ya ce daga bayan hankicinsa, "Ku gama maganar albasa ku binne kifin nan."

Shekarar da ta biyo baya ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu. Ba a taɓa kowa a gidanmu ba, amma an ɗauki mutane a kan hanyar fadama, aka daina zuwa. Umaru ya kwashe Inna da iyalinsa zuwa Wurno, gidan wani kawunmu. Inna ta bar tukwanenta da gadonta, ta ɗauko gorar. Rani ya zo ya wuce ba a yi yayyafin iri ba, ba a yi dashe ba. Ina shago ina tafinta tsakanin Aga da Hajiyoyi, rabin hankalina yana kan wayata.

A farkon azumi Aga ya kira ni gefe. Ya ce mai shagon da ke jikin nasa zai tashi, shi kuma yana so ya karɓa ya mai da shi na turare zalla, don 'yan Afirka. Yana neman abokin tarayya da zai tsaya a ciki, amma sai wanda ya sa nasa jarin.

"Ba don ina bukatar kuɗinka ba, Tahir jan. Wanda bai sa nasa ba, ba ya jin zafin asara. Haka aka yi mini, haka nake yi."

Na ce ba ni da komai. Ya ce in yi tunani, yana da lokaci har bayan salla.

A makon ne Umaru ya kira.

"Attahiru, akwai magana. Wani Alhaji nan Wurno shina son fadamarmu."

"Fadamar da ba a iya zuwa?"

"Ya ce shi shina iya jira. Mu ne ba mu iyawa. Kuma duka yaka so. In ba ka saki naka ba, nau ma ba shi saye."

"Kai mi ka gani, Yaya?"

"In an saida, keke mai ƙafa uku zan saya in koma Sakkwato, na gama da noma. In ba a saida ba, sai ka riƙa aiko abin da zan yi hayar wuri a Magarya, nan kusa da Wurno, har Allah shi kawo sauƙi. Kai ka ga duniya, kai za ka yanke. Amma kafin ruwan fari, Alhajin bai son jan magana."

Na ce ya ba ni Inna. Ta daɗe tana tambayata ko ina samun abin buɗe baki, ko ana sayar da gero a can. Da na kawo maganar ta ce, "Ni ban da ta cewa kan gona, gadonku ne. Iri dai na gaya muku. In bai ga ƙasa ba daminar ga, ku watsar da shi, ku ba yara gorar su yi wasa."

Rabona na fadamar zai isa jarin da Aga ke nema. Abin ya zo daidai har ya ba ni tsoro.

Na gaya wa Aga da Sabri a wajen buɗe baki. Aga bai yi jinkiri ba.

"Sayar. Ƙasar da ba ka iya taka ta ba dukiya ba ce. Yau akwai mai saye, baɗi wataƙila babu."

Sabri ya ajiye cokali. "Kada ka saurari mutumin da ba shi da inda za a binne shi."

"Akwai maƙabarta a nan."

"Akwai. Wa zai ziyarce ka? Ni?"

"Kai ma wa ya san ka a benen naka?"

Wannan ta wuce wasa, kowa ya ji. Sabri ya tashi ya shiga sito. Daga baya, muna rufe shago, ya ce mini abin da Aga ya faɗa ba ƙarya ba ne. Hutunsa na ƙarshe, babban ɗansa ya gaishe shi kamar yadda ake gaida shugaban makaranta, ƙaramar kuma ta tambayi uwarta yaushe baƙon zai tafi ta koma gadonta. "Na gina gidan, Mai Labarai, amma ban san inda ake ajiye gishiri a cikinsa ba. Duk da haka kada ka sayar. Ban iya yi maka hujja ba. Kada ka sayar kawai."

Aga kuwa hujja gare shi, kuma duk wadda ya kawo na auna ta na ga ta tsaya. Har na fara tunanin launin da zan sa a allon shagon.

Sabuwar shekarar Iraniyawa ta faɗo a cikin azumin. Al'adarsu ce kafin ta zo su jiƙa alkama a faranti ta tsiro, ta yi kore shar kamar gonar da aka rage wa girma, a ɗaura mata jan ƙyalle a ajiye a gida. Kowace shekara Aga yana ajiye nasa a kan kanta kusa da sikelin za'afaran, yana fesa masa ruwa da kansa, ba ya bari ko Sabri ya taɓa. A rana ta goma sha uku ake kai shi a jefa a ruwa mai gudu, ya tafi da wahalar shekarar da ta wuce. A wannan karon na lura bai kula da farantin kamar da ba. Sau biyu ni na fesa masa ruwa, bai hana ni ba.

Ranar jefawar ta faɗo Laraba, a makon ƙaramar salla. Bayan La'asar ya ce in ɗauko farantin in raka shi. Muka bi ta cikin kasuwa zuwa bakin mashigin ruwan da ya raba tsohon garin biyu, inda kwalekwale ke ƙetarar da mutane. Ya duba hagu ya duba dama, domin a garin nan jefa ko tsinke a ruwa yana jawo tara. Ya karɓi farantin, amma bai jefa ba.

"Ka san daga ina alkamar nan take?"

"Daga garinku, Aga."

"Daga kanti. A jikin ledar an rubuta Ostireliya."

Ya ce maƙwabcin da ya sayi gonarsu mutumin kirki ne. Kowace shekara yakan ƙulle tafin hannu ɗaya na alkamar gonar, ya ba masu jirgin ruwa su kawo masa. Ba a yi alkawari ba, ba a rubuta ba, haka kawai yake yi. Bara ya rasu. 'Ya'yansa suna birni, ba wanda ya shuka komai. Aga ya kira ɗaya daga cikinsu, yaron ya yi ta ba shi haƙuri cikin ladabi, amma bai ma gane wace alkama ake nufi ba.

"Ta tsiro da kyau," in ji shi, yana shafa kan ganyen. "Ta ma fi waccan tsawo."

Na ce, "Da za a mai da kai baya, za ka sayar?"

"Zan sayar. Da ban sayar ba, da 'ya'yana suna can suna jiran ruwan sama. Kai ma ina ce maka ka sayar, lissafin bai canza ba."

"To me ya sa ni ka ce in rako ka?"

"Sabri zai yi mini dariya."

Ya zare tsiron daga farantin, saiwoyin sun sarƙe sun zama faifai ɗaya. Ya sake shi a hankali a gefen matakala. Wani kwalekwale ya wuce, igiyar ruwansa ta juya shi sau ɗaya ta ja shi. Aga ya tsaya da farantin a hannu har abin ya ɓace, sannan ya goge shi da hannun rigarsa ya ce mu koma, an bar Bamisire shi kaɗai da sikeli.

Washegari da safe, kafin a buɗe shago, na kira Umaru na ce ya ba Alhajin haƙuri, ya je Magarya ya nemi wuri.  Sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Dama ni ban iya tuƙi ba, kuma Sakkwato hayaniya gare ta." Na ji Inna daga nesa tana tambaya, "Mi yac ce?" Umaru ya ce, "Ya ce ki ɗauko gorarki." Ba ta karɓi wayar ba. Umaru ya ce ta shige ɗaki.

Na gaya wa Aga a gaban Sabri. Ya daɗe yana kallona ta saman gilashinsa, sannan ya ɗaga hannu sama.

"Ya Allah, ɗaya bai ishe ni ba, ka ƙara mini Bamisire na biyu."

Sabri ya rungume ni, yana warin buhu. "Barka da shigowa cikin talakawa masu gida. Gobe zan koya maka dafa wake."

"Ka yi kuskure, Tahir jan," in ji Aga. "Zuba mana shayi."

Shagon na kusa Aga ya ba wani ɗan Mali, mutum mai natsuwa da ya sayar da shanunsa ya kawo jari. Yana jin Bambaranci da Faransanci, ba ya jin Hausa, saboda haka idan Hajiyoyi suka shiga wurinsa ni ake kira. Cinikinsa ya kankama, har ya sayi mota, wani lokaci yakan rage mini hanya. Ni ina nan a gadona na haya, albashina yana kama hanyar Wurno ranar da ya shigo. Idan aka sake tambayata wa ya fi arziki tsakanin Iraniyawa da Misirawa, ina cewa a kasuwarmu Iraniyawa sun fi dukiya, domin haka na gani. Sauran bayanin ba ya shiga cikin kiran waya.

Umaru ya yi yayyafi a Magarya da ruwa ya zauna. Irin bai tsiro duka ba. Abin da ya tsiro ya isa dashe a fangali kaɗan, daga cikinsu Inna ta zaɓi waɗanda za a mayar ƙasa su yi fure. Wata Hajiya da ke zuwa sarin turare ta kawo mini 'ya'yan albasar uku a cikin kayanta. Sabri ya gatsa ɗaya ya yi ta hawaye yana zagina. Aga ya ɗauki ɗaya ya ajiye a kan kanta kusa da sikelin za'afaran, ya ce kada kowa ya taɓa. Fadamar tana nan da sunanmu, kuma har yanzu ba wanda ya taka ta.